Gyaran kwamfuta daga nesa: kada mu biya kuɗin banza

Yanzu mai gyara yana Yamai yana daidaita kwamfutar shagonmu a Maraɗi. Masu son tsare sirrin cinikinsu kan girka manhajar RustDesk a na'urarsu ta kansu. A nan ake cin kuɗinmu, a ce sai mai tsada. Alhali aikinta haɗa ɓangarorin biyu ne: ƙwaƙwalwa giga 1 da injin sarrafawa guda sun ishi ƴan shaguna, ko ƙaramar Raspberry Pi tana iyawa. Nauyin yana kan rezo. In haɗin kai tsaye ya ƙi, ta cikinta hoton allo yake bi, wajen kilobait 100 a daƙiƙa. Mu tambayi mai gyara: shago nawa zai shiga lokaci guda? Rarar kuɗin, mu sa a intanet da batir.