Kaskon gawayi cikin ɗaki: ɗumin da ke kisa

Daga Disamba zuwa Janairu, in ɗari ya sauko a Damagaram, Maraɗi ko Tawa, mun saba shigar da kaskon gawayi ɗaki, mu rufe ƙofa, mu toshe taga da tsumma. Gawayin da ke ci inda iska ba ta shiga yana fidda wata guba marar wari, marar launi, wadda ke manne wa jini fiye da iskar oksijin har sau 200. Mai barci ba ya farkawa. Wanda ke ido biyu kuwa sai ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Mu ce masassara ce, wasu ma su ɗora wa iskoki, alhali kasko na gefen gado. Jarirai da mata masu ciki ta fi saurin kayarwa.

Ko gawayin ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, gubar na nan tana fita. Kafin kwanciya mu fidda kaskon waje, nesa da zana, mu kashe shi da yashi. In mun tarar da mutum a sume, mu fito da shi sarari, mu kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.