Ken Salazar: Ɗan ƙauyen da ya kai kukan karkara fadar mulkin Amurka

A duk zaɓen Amurka ana maganar ƙuri'un 'yan Hisfanik, wato Amurkawan da asalinsu ke da alaƙa da harshen Sifaniyanci, kamar dukkansu baƙi ne mazauna birane. Tarihin Ken Salazar ya saɓa wa wannan zato. Kakanninsa manoma ne da makiyaya da suka zauna a kudu maso yammacin ƙasar tun kafin Amurka ta karɓe yankin daga hannun Meziko a yarjejeniyar 1848.

An haife shi a 1955 a garin Alamosa na jihar Colorado, ya tashi a gonar gidansu da ke kwarin San Luis. Wutar lantarki da wayar tarho ba su isa gidan ba sai a farkon shekarun 1980, lokacin da ya riga ya girma. Su takwas ne a wurin iyayensu, kuma duka sun yi karatun jami'a. Shi ya karanta lauya a Jami'ar Michigan, ya kammala a 1981.

Kwarin San Luis wuri ne mai ƙarancin ruwan sama, noma ba ya yiwuwa sai da ban-ruwa. Dokar Colorado ta ce wanda ya riga amfani da ruwan kogi shi ke da fifiko a kansa, kuma haƙƙin ruwa mafi daɗewa a jihar na wata magudana ce da manoman kwarin suka haƙa a 1852. Sai dai ana iya sayar da wannan haƙƙi, kuma birane irin su Denver sun fi manoma kuɗi. Salazar ya daɗe yana adawa da shirye-shiryen kwashe ruwan kwarin zuwa birane, domin a ganinsa idan ruwa ya bar ƙauye, mutane ma za su bi shi.

A 1990 Gwamna Roy Romer ya naɗa shi shugaban sashen albarkatun ƙasa na jihar. A nan ya taimaka wajen tsara gyaran tsarin mulkin da masu zaɓe suka amince da shi a 1992, wanda ya ware kuɗin cacar gwamnati don kare filaye, dazuzzuka da gonaki. An zaɓe shi Antoni Janar na jihar a 1998. A 2004, shekarar da George W. Bush ya lashe Colorado, Salazar na jam'iyyar Democrat ya kayar da attajirin nan Pete Coors ya shiga Majalisar Dattawa. Shi da Mel Martinez na Florida su ne sanatoci 'yan Hisfanik na farko tun 1977.

A majalisa ya zauna a kwamitin noma, ya yi aiki a kan dokar noma ta 2008. Ya riƙa kiran karkara da Amurkar da aka manta da ita. Hujjarsa ita ce tallafin amfanin gona kaɗai ba ya riƙe matasa a ƙauye, sai an haɗa da asibiti da sana'a. Ya matsa a samar da ofishin kula da lafiyar tsofaffin sojoji mazauna karkara, ya kuma goyi bayan ƙudurin samar da kashi 25 cikin ɗari na makamashin ƙasar daga rana, iska da amfanin gona kafin 2025, don manoma su samu wata hanyar kuɗin shiga.

Babban gwaji ya zo a 2009, da Barack Obama ya naɗa shi Sakataren Cikin Gida. A Amurka wannan ma'aikata ba ta tsaro ba ce. Ita ke kula da kusan kashi ɗaya cikin biyar na filayen ƙasar, da ma'adinai da harkokin 'yan asalin ƙasar. Da hawansa ya soke lasisin haƙar mai da iskar gas guda 77 a jihar Utah, kamfanoni suka fusata. Bayan 'yan makonni ya amince a cire kyarkeci daga jerin dabbobin da doka ke karewa a wasu jihohi, matakin da ya faranta wa makiyaya rai, ya ɓata wa masu fafutukar kare muhalli. A zamaninsa aka cimma sulhun dala biliyan 3.4 da 'yan asalin ƙasar kan kuɗin filayensu da gwamnati ta yi wa riƙon sakainar kashi.

Malalar man Deepwater Horizon a 2010 ta tona raunin hukumar sa ido kan haƙar mai a teku, wadda ke ƙarƙashinsa. Ya raba ta gida uku, amma masu suka sun ce ya yi jinkiri. Bayan ya sauka a 2013 ya shiga kamfanin lauyoyi na WilmerHale, ya kuma fito fili ya kare fasahar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa don fitar da mai da gas, abin da ya ƙara masa abokan adawa a cikin jam'iyyarsa. Joe Biden ya tura shi jakada a Meziko daga 2021 zuwa farkon 2025.

Magoya bayansa na ganin mutum ne da ya fahimci cewa mazaunin karkara da ƙasa yake ci, don haka dole a daidaita kiyaye ta da amfana da ita. Masu sukarsa na cewa wannan daidaito ya fi amfanar kamfanoni. A kwarin San Luis kuwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ci gaba da raguwa, kuma masu neman sayensa don biranen kusa da Denver ba su daina zuwa ba.