Inda Dogo Ya Tsaya, Dabba Ta Ɗauka: Daga Tafkin Baikal Zuwa Funtuwa

Mu 'yan Ƙanƙara mun sha tsokana a jami'a, wai sunan garinmu na sanyi, amma ƙanƙarar da muka fi sani ita ce ta kular mai zoɓo. To, ku matso ku ji inda ƙanƙara ta taɓa zama hanyar jirgin ƙasa.

Tafkin Baikal yana Sibiriya ta ƙasar Rasha. Babu tafki mai zurfinsa a duniya, kuma yakan daskare daga Janairu har wajen Mayu. Tun kafin layin dogo ya iso bakinsa, aka sayo jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara daga Ingila, aka kawo shi gunduwa-gunduwa aka harhaɗa. Ya shiga ruwa a 1899, yana ɗaukar taragu 24. Amma in sanyi ya kai intaha, shi ma sai ya cije. A farkon 1904, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Japan, sai aka shimfiɗa dogo a kan ƙanƙarar kanta, dawakai suna jan taragun.

Dawakan nan ne suka tuna mana da jakunan kakanninmu. Dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, domin kwasar auduga da gyaɗa. Turawa sun kafa gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari, ga injin gurza a Funtuwa. Sai dai dogo bai leƙa Ƙanƙara ko Sabuwa ba. Manomi ne zai cika mangala, ya kora jakinsa zuwa kasuwar auduga, a auna a sikeli, sannan a gurje, a ɗaure diloli, jirgi ya gangara da su Ikko. Littafin tarihi yakan yi ta yabon jirgi, jaki kuwa ko na gode.

Nan ma yanayi ke buɗe hanya. Can sanyi ke daskarar da ruwa a wuce, mu kuma rani ke busar da koramu da laka. Shi ya sa hada-hadar auduga ta dace da hunturu, bayan kaka.

Yau masara ta fi auduga yawa a gonakinmu, babur da mota sun karɓi aikin jaki, kuma ba damina kaɗai ke rufe hanya ba. Tsoron 'yan bindiga kan sa direba ya ƙi shiga ƙauye, ko ya tsuga kuɗin buhu. Da yawanmu a nan makaranta, kafin mu biya kuɗin rajista sai mun buga waya gida mun ji ko masara ta isa kasuwar Dandume ko ta Sheme lafiya.