Gurbin Jami'a: Ɗaliban Gaya Da Ajingi Tsakanin Rabo Da Riƙo Da Sababi

 

Duk shekara idan hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawar share fagen shiga jami'a, tambaya iri ɗaya ce ke zagaya gidaje da ƙofofin masallatai, daga Gaya zuwa Kademi, daga Ajingi zuwa Toranke da Balare: yaro ya ci maki kaza, shin zai samu karatun likita a Jami'ar Bayero? Amsar da aka fi bayarwa ita ce "in da rabo". Amsa ce ta gaskiya wadda babu Musulmin da zai yi jayayya da ita. Sai dai mun lura ana saurin fakewa da ita tun kafin a yi abin da ya wajaba, sannan a sake ɗauko ta bayan an rasa, don kada a binciki inda aka yi sakaci. Tirmizi ya ruwaito daga Anas, Allah Ya ƙara masa yarda, labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi da ya haɗa biyun. Neman gurbin karatu yana da igiyarsa, kuma iyaye da yawa a yankinmu ba a taɓa nuna musu ita ba.

Mu fara da girman taron. A 2025 kusan ɗalibai miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A wannan shekarar aka tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin da jami'a za ta karɓa. A nan ne ruɗu yake shigowa. Uba ya ji an ce 150, ɗansa kuma ya ci 190, sai ya fara karɓar barka. Alhali 150 ɗin izinin tsayawa a layi ne kawai. Kowace jami'a tana ɗaga nata ma'aunin, kowane sashe a cikinta yana ƙara ɗaga nasa, bayan tantancewar da jami'ar kanta take yi, wata da jarrabawa wata da duba takardu. Karatun likita da na lauya suna da wani ƙaidin na daban, domin majalisar da ke kula da aikin likitoci da wadda ke kula da karatun lauyoyi su ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, ko da masu nema sun ninka haka sau goma. Shi ya sa mai maki 200 a irin waɗannan kwasa-kwasai yakan tarar da ɗaruruwa a gabansa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mutanen karkara su fahimta da kyau. Tsarin jami'o'in tarayya ya raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin zamani, kuma Kano tana cikinsu. Da jin haka sai mutum ya ɗauka an yi wa ɗan ƙauye tanadi. To amma rabon da sunan jiha aka yi shi, ba da sunan ƙaramar hukuma ba. Yaron da ya gama makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo a Gurduba ko Gamarya, wanda yake ajiye littafi ya ɗauki fartanya da faɗuwar damina, shi da yaron da ya gama makarantar kuɗi a Nasarawa cikin birni, mai malamin gida da kwamfuta a ɗakinsa, duk 'yan Kano ne a idon tsarin, kuma a kwando ɗaya ake zuba su. Wannan ita ce gaskiyar gasar. Ba mu faɗe ta don mu karya gwiwar kowa ba, sai don a san da wa ake kokawa.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Damar shiga kwas mai tsada tun daga ƙaramar sakandare ake gina ta. Jihar Kano ta gane haka tun 1977, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta riƙa tsamo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can ba su ƙirguwa. Yau ga Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule a cikin Gaya, ga ta 'yan mata a Garko. Iyaye nawa ne a Ajingi suka san lokacin da ake rubuta jarrabawar shiga waɗannan makarantu bayan aji uku na ƙaramar sakandare? Wanda wannan ƙofa ta wuce shi, sai ya lura da darussan da zai zaɓa a aji ɗaya na babbar sakandare. Mai son likitanci dole ya riƙe Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, mai son injiniyanci ya riƙe Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Sannan ga kwalifayin a aji biyu, wadda da ita gwamnatin jiha take zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Sannan ga sharaɗin kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, wanda a karatun likita jami'o'i da yawa ba sa karɓa sai an same su a zama ɗaya.

Turanci ne ramin da ya fi cinye yaranmu. A cikin tambayoyi 180 na jarrabawar JAMB, 60 na Turanci ne, sauran ma da Turancin ake yin su, duk a cikin awa biyu, kuma a kan kwamfuta tun daga 2015. Yaron da bai taɓa zama gaban na'urar ba sai ranar jarrabawa, rabin hankalinsa yana kan madannai. Har yanzu muna jin masu ganin ƙwarewa a harshen Nasara kamar raguwa ce a addini. Muna tunatar da su cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙu, ya kuwa ƙware cikin kimanin rabin wata.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne yaron da ya yi karatun, ya ci makin, sannan ya faɗi a wajen cike takardu. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, kuma sunan da ke jikinta shi JAMB take ɗauka. Sai ka ga an rubuta Muhammad a nan, Mohammed a takardar NECO, Mamman a takardar haihuwa, ranar haihuwar ma kowace takarda da tata. Wani kuma mai shagon intanet ne ya yi masa rajista da layin wayar da ba nasa ba, duk saƙon da aka turo bai gani ba. Wani ya manta bai ɗora sakamakon sakandare a shafin hukumar ba bayan ya fito, alhali ba a ba da gurbi sai da shi. Wani ya sa Bayero ko Ahmadu Bello a zaɓi na biyu, bai san manyan jami'o'in ba su cika waiwayar wanda bai sa su a farko ba. Tun 2017 duk gurbi ta manhajar CAPS yake fitowa, kuma sai ɗalibi ya shiga da kansa ya danna cewa ya karɓa. An sha ba yaro gurbi ya zauna yana jiran a aiko masa da takarda har wa'adi ya wuce. Irin wannan ba a kiransa rashin rabo sai an fara kiransa da sunansa, wato rashin sani.

Sai maganar zaɓi, kuma a nan iyaye muke wa magana. Kusan kowane uba likita yake so, in ya sassauta lauya. Buri ne mai kyau. Imamu Gazali a Ihya'u Ulumid Din ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, har ya koka da garuruwan Musulmi da ba su da likita nasu, alhali kowa ya tattara a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu. Wanda ya taɓa kai mai naƙuda asibiti cikin dare daga ƙauyukan Ajingi ya san wannan kuka bai tsufa ba. Amma farillar kifaya ba ta tsaya ga likita ba. Mai gwajin jini, da mai haɗa magunguna, da ungozoma, da malamin gona, da likitan dabbobi, da malamin Lissafin da zai koyar da likitan gobe, duk a ciki suke. Yaron da makinsa bai kai na likitanci ba, JAMB ta ba shi damar canza kwas ko jami'a bayan fitowar sakamako. Nacewa a kan kwas guda shekara uku a jere, yaro yana zaune a gida zuciyarsa tana mutuwa, ba ma ganin hikima a cikinsa. A yi istihara, a kuma yi shawara da wanda ya san makin da sashen ya tsaya a kai bara.

Allah Ya kuma yi wa yankinmu wata ni'ima da ba mu cika lissafawa ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001 kuma yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, tana yamma da mu, kuma jami'ar jiha ce da ɗan jiha yake da fifiko a cikinta. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana gabas da mu. Kowacce tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce daga Gaya. Ga Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda ta Wudil mai ba da digiri. Ga uban da ke ɗari-ɗarin tura 'yarsa nesa, wannan kusanci ya rage masa hanzari, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tun a Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Idan muna son mace ta duba matanmu a asibiti, daga wani gida za ta fito.

Akwai hanyoyi biyu da Shaiɗan yake ƙawata wa iyaye idan gasa ta yi zafi. Ta farko ita ce makarantun da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshin da aka ɓoye a ƙasa, ya kuma barranta daga mai algus. Takardar da ta ce yaro ya san Kimistiri alhali bai sani ba, algus ce da ta fi ta hatsi muni, domin da ita za a ture wanda ya cancanta, kuma da ita za a ci albashi shekara talatin. Ko a duniya ma ba ta kai mai ita ko'ina: kiredit tara a takarda da maki 140 a kwamfuta su ke tona wa juna asiri. Ta biyu ita ce sayen gurbi. An la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa a hadisin Abu Dawuda da Tirmizi. Bayan zunubin, sau da yawa damfara ce zalla, domin gurbin da bai bi ta CAPS ba hukumar ba ta san da shi ba, sai yaro ya gama shekara huɗu a ce sunansa ba ya cikin masu tafiya bautar ƙasa. Farfesa Ishaq Oloyede, wanda ya karɓi shugabancin JAMB a 2016, ya sha jan kunnen jami'o'i da iyaye a kan haka. Tambayar ɗan uwa mai aiki a jami'a ya duba maka inda takardar yaro ta tsaya babu laifi a ciki. Laifin yana farawa ne daga inda aka cire sunan wani aka sa na ɗanka.

Ɗaliban makarantun Arabiyya da na haddar Alƙur'ani su ma su sani takardar NBAIS karɓaɓɓiya ce wajen neman jami'a, matuƙar an haɗa darussan da kwas yake bukata. Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo duk suna koyar da shari'ar Musulunci a tsangayoyinsu na lauya, kuma mahaddacin da ya gyara Turancinsa yana shiga da jarin da abokan karatunsa ba su da shi. Wanda kuma bana ta wuce shi, akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, ana yin ta a kwalejin share fage ta CAS a Kano, akwai NCE da difloma, kuma duk suna iya kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye.

Saura kuɗi. Tun 2024 akwai asusun NELFUND mai ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance babu ruwa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma sai wanda ya riga ya samu gurbi yake nema. Kuɗin fom, da kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, da na gyaran suna a NIN, waɗannan a wuyanmu suke, kuma su ne ke tsayar da 'ya'yan talakawa da marayu. Kwamitin kowane masallacin Juma'a a Gaya da Ajingi zai iya tattara sunayen 'yan ajin ƙarshe na unguwarsa tun kafin a buɗe rajista a farkon shekara, ya nemi ɗaliban jami'a 'yan garin da suka zo hutu su zauna da su su duba takardunsu ɗaya bayan ɗaya, a ari kwamfuta ko biyu a koya musu amsa tambaya a kanta, sannan a sanar bayan sallah cewa ga yara kaza da ba su da kuɗin fom.