Jan Baki A Gonakin Gaya Da Ajingi

Manoman ƙasar Gaya da Ajingi sun san jan baki, ɗan tsuntsun nan da ke tasowa kamar hayaƙi in gero ya fara ƙwaya. Nauyinsa bai fi giram 20 ba, amma yakan ci wajen giram 10 kowace rana. To, ku yi lissafi. Tsuntsaye 10,000 za su tashi da buhu guda mai kilo 100 kafin rana ta faɗi, ban da wanda su ke zubarwa ƙasa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne. Gonar da aka bari ciyawa ta yi 'ya'ya a cikinta, ita ke fara kiransa, sa'an nan ya hau zangarniya.

Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani a wasu fadamun kogin da ya bi ta Wudil ya nufi Haɗeja. Kacalla ta cika su, ta zama masa makwanci, daga can ya ke fitowa kiwo.

Wanda ya fi shan wuya shi ne mutumin da gonarsa ta nuna ita kaɗai, ko ya riga jama'a shuka ko ya makara. Garken da da zai rarrabu a gonaki 50 sai ya sauka a tasa. Saboda haka ya kamata mutanen unguwa su yi shawara tun bazara, su shuka iri ɗaya a mako ɗaya. Wanda ke da irin gero mai gashi ya riƙe shi da kyau, gama gashin na tsokane wa tsuntsun ido.

Tsaro kuwa da sassafe ne da la'asar. Da tsakar rana yana can inuwa kusa da ruwa, kada a gajiyar da yara a banza. A riƙa sauya wa gwangwanaye da mutum-mutumi wuri, don ba ya daɗewa ya ke gane su.

In gwamnati ta aiko jirgin feshi, lalle a hana yara tsintar waɗanda suka faɗo. Maganin guba ne, mai saye a kasuwa kuwa ba shi da hanyar bambanta soyayyen da aka kama da raga da wanda feshi ya kashe.