Wasannin Bidiyo na Ƙwallo da na Kasada: Amfaninsu da Aibinsu ga Yaran Ƙasar Matazu

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba wasannin bidiyo, waɗanda yara ke kira "gem", ta fuskar tarbiyya da karatu. Mun zaɓi iri biyu daga cikinsu, watau na ƙwallon ƙafa da na kasada, domin su muka fi gani a shagunan gem da wayoyin samari a Matazu da garuruwa irin su Musawa da Malumfashi. Iyaye da malamai da yawa sukan yi musu kuɗin goro, su ce duk ɓata lokaci ne. A ganinmu kuwa kowane iri da halinsa, kuma ba a sanin amfaninsa ko aibinsa sai an duba abin da yake ba yaro, da abin da yake karɓewa daga gare shi na lokaci da kuɗi da tunani.

Taƙaitaccen Tarihi

Wasan bidiyo na farko da ya yi kasuwa sosai shi ne Pong, wanda kamfanin Atari na Amurka ya fitar a 1972, kuma kwaikwayon ƙwallon tebur ne. Ke nan tun asali kwaikwayon wasan motsa jiki ne ya fara yin kasuwa sosai. A 1993 kamfanin Electronic Arts ya fito da wasan FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023. Kamfanin Konami na Japan ya fito da Winning Eleven a 1995, wanda aka fi sani da PES, aka kuma mai da shi eFootball a 2021. Na'urar PlayStation ta kamfanin Sony ta fito a 1994, ta biyunta a 2000.

Wasan kasada kuwa ya samo sunansa daga Colossal Cave Adventure na wajen 1976, wanda rubutu ne zalla, babu hoto. Daga baya aka sami The Legend of Zelda a 1986, da Grand Theft Auto: San Andreas a 2004, da God of War a 2005. Bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, da yaɗuwar janareta da sola, sai wasannin suka isa garuruwan da wutar lantarki ba ta wadata ba.

Wasan Ƙwallo

Babban amfanin wasan ƙwallo shi ne yana tara jama'a. Mutum biyu ke bugawa, saura na kallo suna jiran layi, wanda aka ci ya tashi. Wannan tsari bai bambanta da na dara a gindin bishiya ba, inda ake koyon jure kaye da mutunta doka. Abu na biyu, wasan yana da iyaka, domin karawa ɗaya ba ta cika wuce minti goma zuwa goma sha biyar ba, saboda haka uba na iya cewa a yi biyu a tashi. Na uku, mai bugawa yakan koyi dabara: wa zai tsaya baya, wa zai kai hari, yaushe za a canja ɗan wasa.

Aibinsa na farko shi ne yatsu kaɗai ke motsi. Langa da kokawa da ƙwallon fili suna gina jiki, wannan kuwa a zaune ake yin sa. Na biyu, ƙungiyoyin Turai ne suka cika shi, har yaro ya haddace 'yan wasan Barcelona da Chelsea alhali bai san na Katsina United ba. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne kusancinsa da caca. A shago akan fara da cewa wanda aka ci shi zai biya, sannu a hankali sai a koma sa kuɗi. Su ma kamfanonin suna da tasu hanyar. Tun 2009 wasan FIFA ya shigo da tsarin Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshin 'yan wasa ba tare da an san wanda ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ciniki caca ne. Yaron da ya saba da haka, tazarar da ke tsakaninsa da cacar ƙwallo ta waya kaɗan ce.

Wasan Kasada

A wasan kasada, mai wasa shi ne tauraron labari. Ana ba shi buƙata, ya bi hanya mai haɗari, ya warware matsala kafin a buɗe masa gaba. Wannan zubi ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ne zubin tatsuniya, shi ne kuma na Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, inda Alhaji ya bar gida neman ruwan magani ya sha wuya iri iri kafin ya dawo. Bambancin shi ne a tatsuniya yaro sauraro yake yi, a nan kuwa shi ke yanke shawara.

Daga nan amfaninsa ya taso. Yana koyar da haƙuri, domin akan faɗi sau goma a wuri guda kafin a wuce. Yana koyar da karanta taswira da bin umarni, yana kuma ƙara wa yaro kalmomin Turanci. A 2003 masana biyu, Green da Bavelier, sun buga bincike a mujallar Nature wanda ya nuna cewa wasanni masu saurin motsi suna ƙara kaifin lura da ido. Sai dai kaifin ido daban, fahimtar darasi daban.

Aibinsa kuwa ya fi na ƙwallo ɓoyuwa. Da fari, ba shi da wurin tsayawa. Labarin San Andreas kaɗai yakan ci fiye da awa ashirin, kuma an tsara shi yadda ƙarshen kowane mataki zai ja mutum zuwa na gaba. Sa'an nan mutum ɗaya ke yin sa, sau da yawa a waya cikin dare, inda babu babba kusa. Bugu da ƙari, wasu daga cikinsu ba don yara aka yi su ba. A Turai an sa wa San Andreas alamar shekara 18, saboda kisa da satar mota da batsa da ke ciki, amma a shagunanmu da wuya a tambayi shekarun mai shiga. A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, wasan da ke saka wa mai harbi da lada abin dubawa ne da idon basira.

Lokaci a Ƙasar Noma

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, aka fara aiki da jerin a 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba duk da cutar da yake gani, yawanci har tsawon wata 12. Abin lura a nan shi ne ba a ƙidaya awa ba, abin da wasan ya ture aka duba.

Wannan ma'auni ya dace da mu ƙwarai. Yaron Matazu yana da boko da safe, da Islamiyya ko makarantar allo da yamma, ga kuma gona. Da damina, lokacin noman masara da dawa da auduga, awa biyu a shagon gem awa biyu ce da aka cire daga noman firi ko maimai, kuma ciyawa ba ta jira. Da rani kuwa, bayan an kai amfani gida, awa biyun nan na iya zama mafi alheri daga yawon banza. Amma da kaka ne kuɗi ke shiga hannun samari, don haka a lokacin ne haɗarin caca ya fi ƙarfi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa wasan ƙwallo a wajen kuɗi ake tsaronsa, na kasada kuwa a wajen lokaci da abin da ke cikinsa. Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, iyaye su sa doka bisa yanayin shekara da na jarrabawa, su kuma zauna su ga wasan da idonsu. Ta biyu, masu unguwanni da ƙananan hukumomi su yi yarjejeniya da masu shaguna a kan hana shigar ɗalibai lokacin makaranta, da hana sa kuɗi, da raba wasan manya da na yara. Ta uku ta shafe mu malaman kwalejojin ilmi. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na ƙasar Kamaru ya fitar da wasan kasada mai suna Aurion, wanda aka gina bisa al'adun Afirka. Mu ma muna da Gizo da Ƙoƙi, da Bayajida, da dambe da kokawa. Ya kamata sassan Hausa da na kwamfuta su haɗa kai su fara gwada mayar da waɗannan wasa, domin yaron da ba a ba shi nasa ba, na wani zai ɗauka.