Faifai ɗaya mai gudu ko biyu a haɗe: Wanne ya fi dacewa da kwamfutar wasa?

Duk wanda ya yi niyyar haɗa kwamfutar wasa, ko don kansa ko don buɗe gidan gem, yakan fara da lissafin katin hoto da masarrafa, sai daga baya ya tuna da ma'adana. A garuruwa irin su Ƙaura Namoda, inda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ke cikin masu sha'awar wannan harka, da Shinkafi da Zurmi, tambayar da ke yawan tasowa ita ce: a sayi faifai ɗaya mai tsananin gudu, ko a haɗa biyu masu sauƙin kuɗi su yi aiki tamkar guda?

Wannan haɗin shi ake kira RAID 0. Sunan RAID ya samo asali ne daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka wallafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1988, kuma manufarsu ta haɗa da kare bayanai daga salwanta. Sai dai RAID 0 ba shi da wannan kariya ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya yayyanka kowane fayil ƙanana-ƙanana, misali kilobayit 64 ko 128, ya rubuta yanki na farko a faifai na ɗaya, na biyu a faifai na biyu, haka har ƙarshe. Da yake faifan biyu suna aiki a lokaci guda, saurin karanta babban fayil kan kusan ninkawa.

A takarda abin yana da ban sha'awa, amma wasa ba haka yake karanta bayanai ba. Lokacin da ake loda fili ko wani mataki, kwamfuta takan nemi dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse. A faifai mai juyawa, dole allurar karatu ta matsa zuwa wurin da bayanin yake, sannan ta jira faifan ya juyo da shi. Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti yana ɓata kimanin kashi 4 cikin dubu na daƙiƙa a wannan jira, mai juyi 10,000 kuma kashi 3. Haɗa faifai biyu ba ya rage wannan jinkiri, domin kowannensu sai ya yi nasa neman. Shi ya sa tun zamanin da kamfanin Western Digital ya fito da Raptor mai juyi 10,000 a 2003, masana da dama suka fifita faifai ɗaya mai gudu a kan biyu haɗaɗɗu idan maganar wasa ake yi. Ban da haka, santsin motsi a allo aikin katin hoto ne da masarrafa da RAM. Ma'adana tana rage lokacin jiran lodi ne, ba ta ƙara wa ɗan wasa gudu a fili.

Inda gizo ke saƙar shi ne haɗarin asara. Tunda rabin kowane fayil yana faifai ɗaya, rabin kuma a ɗayan, mutuwar guda tana tafiya da komai. A ƙaddara kowane faifai yana da yiwuwar lalacewa kashi 5 cikin 100 a shekara. Idan aka haɗa biyu, yiwuwar rasa bayanan duka ta kai kusan kashi 10. Kuma idan babban allon kwamfutar ne ya ƙone, ba lallai ne wani allo na daban ya gane haɗin ba, ko da faifan biyu lafiya lau suke.

A arewacin Zamfara wannan haɗari ya fi nauyi. Ɗaukewar wuta ba zato, sauyawa daga lantarki zuwa janareta, zafin bazara da kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu, duk abokan gaba ne ga na'urar da ke da allura da faifai mai juyi. Wasu daga cikin faifan da ke isowa daga titin Beirut a Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja na hannu ne, mai saye bai san yawan sa'o'in da suka yi aiki ba. Sannan ga kuɗin data. Wasan ƙwallo na EA Sports FC 24 kaɗai yana buƙatar gurbin gigabayit 100 a kwamfuta, don haka mai gidan gem da ya rasa wasanni biyar ko shida zai sake sauke ɗaruruwan gigabayit, kwastomomi kuma ba za su jira shi ba. Mazauna yankin ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro, ƙananan hukumomi da dama suka shafe makonni babu sabis. Wanda ma'adanarsa ta mutu a irin wannan lokaci, sana'arsa ta tsaya ke nan.

Gaskiyar magana, zuwan SSD ya kusan kashe wannan muhawara. Ita ba ta da allura ko wani abu mai juyi, saboda haka jinkirin nema ya kusan gushewa. Mai amfani da mahaɗin SATA tana kaiwa kimanin megabayit 550 a daƙiƙa, abin da faifai biyu masu juyi ba safai suke kaiwa ba ko an haɗa su, nau'in NVMe kuwa yana kaiwa 3,500 zuwa 7,000 ko ma fiye. Kamfanin Sony ya sa faifai mai juyi a PlayStation 4 a 2013, amma ya koma SSD a PlayStation 5 a 2020, kuma wasa irin Starfield na 2023 ya gindaya sharaɗin SSD ga masu kwamfuta.

Saboda haka mai kuɗin faifai biyu ya fi masa alheri ya sayi SSD ɗaya ya ɗora Windows da wasannin da aka fi bugawa, ya ajiye faifai mai juyi daban don adana kwafinsu, ya riƙa cire shi idan ba a amfani da shi. Sauran kuɗin a sa su a UPS. RAID 0 yana da amfani ga masu tace bidiyo, kamar masu ɗaukar bukukuwan aure da ke aiki da manyan fayiloli, da sharaɗin ainihin hotunan suna ajiye a wani wuri na daban.